Idan Tirela Ta Buge Naka: Abin da Ƙafar Ƙanena Ta Koya Mini

Damina biyu ke nan da wata tirela ɗauke da buhunan masara ta kwashe ƙanena da keke napep ɗinsa a kan hanyar baifas ta Nnamdi Azikiwe a Kaduna. Cinyarsa ta karye wuri biyu. Ni tela ne a Tudun Wada, ban taɓa taka kotu ba kafin nan. Abin da zan faɗa a hanya na koye shi, kuma wani da tsada na saye shi.

Ran da abin ya faru, rai ne a gaba. A kira 122, lambar Hukumar Kiyaye Haɗurra, ko 112, a kai mutum asibiti. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta hana asibiti ƙin karɓar mai buƙatar taimakon gaggawa. Amma cikin masu kuka a samu mutum ɗaya mai dakakkiyar zuciya ya tsaya a wurin da waya a hannu. Ya ɗauki hoton lambar motar, ta kan da ta bodin, domin kan tirela da bodinta sukan rabu. Ya ɗauki sunan kamfanin da ke jikin ƙofa, da sawun birki a kwalta, da yadda motocin suka tsaya kafin a janye su. Ya karɓi lambar wayar mutum biyu ko uku da abin ya faru a idonsu. Mu wani mai shayi ne ya cece mu. Direban ya tsere don tsoron taron jama'a, shi kuwa ya riga ya rubuta lambar a bayan kwalin madara.

Daga nan sai ofishin 'yan sanda, sashen da ke kula da haɗurran mota. Su za su zana taswirar wurin, jami'an duba ababen hawa, wato VIO, su duba lafiyar motar, musamman birki da tayoyi. Ka nemi kwafin rahoton, ka adana.

Yanzu ga inda muka kusa yin asara. Kwana uku da haɗarin, wasu dattawa biyu suka zo daga wajen mai motar, suka tsuguna bakin gadon, suka yi addu'a, sannan ɗayansu ya tura ambulan ƙarƙashin matashin kai. Da ita akwai takarda mai layi huɗu, wai mun karɓa, mun yafe, magana ta mutu. Kawunmu ya dube ni ya ce, "Kai, ƙaddara ce. Sa hannu a wuce wurin." Na ce, "Kawu, Allah ya ba ka haƙuri, ƙaddara ce tabbas, amma bari likita ya gama faɗa mana abin da muke yafewa." Mako biyu bayan haka aka ce sai an sa masa ƙarfe a ƙafa. Kuɗin aikin kaɗai ya ninka abin da ke cikin ambulan ɗin. Ka karɓi gudummawar magani in an kawo, a rubuta cewa ta magani ce. Takardar da ke cewa an rufe magana kuwa, kada ka sa mata hannu sai lauya ya karanta.

Haka zancen mai ɗori. Ba na raina su, amma kotu da kamfanin inshora rahoton likita suke karantawa. Ko asibitin koyarwa na Barau Dikko ne, ko na Shika, ko na ƙashi da ke Dala a Kano, ka nemi rahoto mai sa hannu da hatimi wanda ya bayyana raunin da nakasar da za ta iya biyo baya. Rasit kuma kada ka yar da ko na bandeji. Ni a gwangwanin alawa na tara su. Dalili shi ne diyya iri biyu ce: akwai ta abin da ka kashe ko ka rasa, kamar magani, gyaran keke da kuɗin shigar da ya tsaya, wadda sai ka kawo hujjarta ɗaya bayan ɗaya, akwai kuma ta azaba da nakasa, wadda alƙali ke kimantawa. Littafin balas da ƙanena yake kai wa mai keken kullum shi ya nuna abin da yake samu.

Wa za ka nema? Kada ka tsaya kan direba, shi ma albashi yake jira. A doka, in direba ya yi ganganci a bakin aikinsa, ubangidansa ma yana da alhaki. Bayan mai motar kuma akwai kamfanin inshora. Tun Janairun 2023 hukumar NAICOM mai kula da harkar inshora ta sa kuɗin inshorar dole ta babbar motar ɗaukar kaya Naira 100,000 a shekara, tana biyan ɓarnar dukiya har Naira miliyan 5. Wannan iyaka ta dukiya ce. Rauni da rai lissafinsu daban. Takardun bogi sun yi yawa, don haka danna *565*11# a wayarka ka sa lambar motar ka ga ko inshorar ta gaskiya ce. In mai motar ya ɓuya, ofishin ƙungiyar masu motocin sufuri, NARTO, ko ta direbobi a Mararrabar Jos wuri ne da ake fara tambaya.

Mutane da yawa suna zaton da an gurfanar da direba gaban majistare shi ke nan kuɗi ya zo. Waccan shari'ar laifi ce tsakaninsa da gwamnati. Neman cikakkiyar diyya ƙara ce ta daban da kai za ka shigar. In ba ka da halin ɗaukar lauya, je ofishin Legal Aid Council na Kaduna, hukumar gwamnati da ke ba marasa hali lauya. Dokarsu ta 2011 ta haɗa da neman diyyar haɗari ga marasa ƙarfi. In lauya mai zaman kansa ne zai ɗauki kaso daga abin da aka samu, a rubuta kason tun ranar farko. Kada kuma a yi jinkiri, domin shigar da ƙara yana da wa'adi, in motar hukumar gwamnati ce ma zai iya zama wata uku kacal.

Mu ba mu kai ga hukunci ba. Da lauyarmu ta aika wa mai motar da kamfanin inshorarsa wasiƙa haɗe da rahoton likita da kwafin rasit, su suka nemi a zauna. An yi sulhu a rubuce, gaban lauyoyi, kawu na zaune. Ƙanena har yanzu yana ɗingishi in sanyi ya shigo, ya bar tuƙi, ya buɗe shagon cajin waya a bakin layinmu.