Kurakuran da Ke Ƙona VFD a Masana'antun Kano

Daga Sharaɗa zuwa Bompai da Dakata, fanel ɗin VFD (na'urar da ke sarrafa gudun motar lantarki ta inji) in ya ƙone, da wuya ka ga laifin na'urar ne. Kusan kullum laifin mai haɗawa ne, kuma kurakuran nan dai su ake ta maimaitawa.

Na farko zafi. Yawancin VFD an ƙera su ne su ba da cikakken ƙarfi har zuwa digiri 40 na zafin iskar da ke kewaye da su. A Kano, watan Afrilu da rana, waje ma kan haura haka, balle cikin akwatin ƙarfe da ke kusa da injin gyaran shinkafa. Ita kanta na'urar tana fitar da zafi kimanin kashi 3 cikin ɗari na ƙarfinta: mai kilowat 22 tana zuba wat 600 da wani abu a cikin akwatin, kamar an kunna ƙaramin hita an rufe. Amma sai ka ga an cusa ta a ɗan akwati don a rage kuɗin ƙarfe, ba fanka, wai ai an huda ramuka a gefe! Wannan ba tattali ba ne, ganganci ne. A bar aƙalla santimita 10 sama da ƙasa, fanka mai matata ta shigo da iska daga ƙasa, mafita a sama. Ni ina ɗaukar VFD wadda ƙarfinta ya ɗara na mota da mataki guda. Lokacin hunturu kuwa, a kakkaɓe matata duk mako, domin ƙura da dusa kan toshe ta, fanka na juyawa amma ba iskar da ke shiga.

Na biyu ya fi ciwo: sa kwantakta (makunnin da ke haɗa wuta da yanke ta) tsakanin VFD da mota, a riƙa kashe inji da ita. Wanda ya saba da sita-delta, wato tayar da mota da kwantaktoci, shi ne ke wannan. Yanke layin U, V, W, wato wayoyin da ke fita daga VFD zuwa mota, alhali mota na gudu na iya fasa IGBT, transistocin da ke sarrafa wuta a cikin VFD, nan take. Tsayarwa da tayarwa ta tashoshin umarni na VFD ake yi. Haka kafasitan gyaran wuta, ba shi da gurbi tsakanin VFD da mota. Wanda kuma ya ɗaura wutar shigowa a U, V, W maimakon R, S, T, to ya shirya kuɗin sabuwa.

A zaɓi VFD da amfiyan da ke jikin farantin mota, ba kilowat kawai ba, a kuma shigar da bayanan farantin kafin a tayar.

Inda ake sauyi tsakanin wutar NEPA da janareta, a sa riyakta (naɗin waya mai rage tsallen wuta) mai kashi 3 a mashigar VFD. Kebul mai nisa, irin na famfon rijiyar burtsatse, shi ma yana son riyakta a mafita.

Wayoyin umarni kada su bi hanya ɗaya da na mota; in dole su haɗu, su gitta juna.

Kada a yi wa mota gwajin mega (gwajin rufin wayoyinta da bolt mai yawa) tana haɗe da VFD.

Sai batun rai. Bayan an kashe wuta, kafasitocin ciki na riƙe da abin da ya kusa bolt 600 a layin bolt 415. A jira minti 10, sannan a auna tsakanin tashoshin DC+ da DC- na VFD da mita kafin hannu ya shiga, ko da allon ya mutu.