Kurakuran da masu zuwa biki da kyamara ke yi wajen zaɓen lens

Kusan duk wata sai wani ya turo min hotunan bikin abokinsa, duk sun yi dishi-dishi, yana tambaya ko kyamararsa ce ta lalace. Kyamara lafiyarta ƙalau, malam. Lens ɗin da ka ɗaura mata ne bai dace da wurin ba. Bakina ya gaji da maimaita wannan magana, shi ya sa na ce bari in rubuta in huta.

Babban kuskuren, wanda ni ma ya taɓa kunyata ni, shi ne dogara da lens ɗin da ya zo tare da kyamara, wato 18-55mm. Da rana a fili ba shi da laifi. Amma duba abin da aka rubuta a bakinsa: f/3.5-5.6. Da zarar ka ja zum zuwa 55mm don ka kamo fuskar amarya, ƙofar haske ta tsuke ta koma f/5.6. A zauren biki da dare, kyamara ba ta da mafita sai ta rage saurin ɗauka zuwa 1/15 na daƙiƙa, ko ta ɗaga ISO, wato ƙarfin jin haskenta, har hoto ya cika da yashi-yashi. A wannan saurin, ko kai mutum ya ɗan juya, fuskarsa ta shafe.

A bikin 'yar gwaggona na sha wannan kashin. Na wuni ina danne-danne, ina leƙa ɗan allon bayan kyamara ina jin daɗi, don a can komai ras yake fitowa. Sai da na buɗe su a kwamfuta jikina ya yi sanyi. Wanda ya fi ƙona min rai shi ne inda gwaggo ta riƙe hannun 'yarta tana share hawaye. Labulen da ke bayansu ya fito tsaf, har zarensa ana gani, su kuwa kamar hayaƙi. Bayan sati ta kira ni: "Ɗan nan, ina hotunan namu?" Na ce, "Gwaggo, ana kan gyara su." Har yau ana kan gyara su.

Kar kuma wani ya ce min nasa yana da IS ko VR. Rawar hannunka wannan ke magancewa, ba ya tsayar da mutumin da ke motsi.

Tun daga ranar, lens ɗaya nake zuwa biki da shi, marar zum, mai f/1.8. Hasken da yake shigarwa ya kusa ninki 10 na f/5.6. Inda a da nake 1/15, yanzu ina samun 1/125 ko sama, kuma a nan ne fuskoki ke fara tsayawa. Zum ɗina ƙafafuna ne.

Sai dai a nan ma akwai rami. Kowa ya ji ana yabon 50mm f/1.8 sai ya ruga ya saya, bai tambayi girman sensar kyamararsa ba, wato ɗan farantin da ke karɓar haske a cikinta. Idan ƙaramar sensa ce, irin APS-C, 50mm a Nikon da Sony yana nuna abin da 75mm ke nunawa a babbar sensa, a Canon kuma abin da 80mm ke nunawa. Wato mutane uku kacal za ka ɗauka, amma sai ka yi ta ja da baya har ƙeyarka ta bugi bango. Na ga wani yana haka har ya ture kujerar wata dattijuwa. Ni 35mm nake sa wa ƙaramar sensa, kuma ko a babbar sensa na fi son sa, duk da na san da yawa ba za su yarda da ni ba.

Yanzu ku masu 70-200mm f/2.8, da ku nake. Abin nan ya kusa kilo ɗaya da rabi. Wa ya aike ka? Gayyatar ka aka yi ka taya murna, akwai wanda aka ɗauka aiki, shi ma da irinsa a wuyansa. Duk hoton da za ka ɗauka daga nesa ya riga ya ɗauka, daga inda ya fi naka kyau, sannan ga ƙeyarka ta shiga nasa. Abin da kai kake da shi wanda ba shi da shi, sanin mutane ne: ka san wace ce aminiyar amarya, ka san kawun da zai fara ƙyalƙyala dariya. Irin waɗannan hotuna a kusa ake samun su, da ɗan ƙaramin lens da ba ya sa mutane su ƙame.

Sauran ƙanana ne. Kar ka bar ƙofar a f/1.8 in mutane sun yi sahu biyu, na baya za su ɓace. Mayar da ita f/4 ko f/5.6. Kar ka kusanci fuska da 18mm, hanci zai kumbura, na gefe kuma su yi faɗi, kuma ba za su yafe maka ba. Canza lens a tsakiyar cunkoso gayyatar ƙura ce. Sabon lens kuwa a gwada shi a gida da dare tukuna, a kunna fitila ɗaya a sa yaro ya yi ta kai-komo. Kuma kafin ka fita, ka goge gaban gilashin, don tabon yatsa ɗaya ya isa ya mayar da kowace fitilar zaure hazo.