Saita faɗin tasha da karkatar sigina a rediyon oba-oba na dijital

Kafin ka canja komai, haɗa kebul ɗin rediyon da kwamfuta, ka karanto saitin da ke cikinsa da CPS, wato manhajar saita rediyo a kwamfuta, ka adana kwafi. Idan aiki ya cakuɗe, shi za ka mayar.

Yawancin waɗannan rediyoyi suna ɗauke da tashoshi iri biyu, analog da dijital, kuma kowanne da dokarsa. A tashar analog kai ne ke zaɓar faɗi. Mai faɗi, wato 25 kHz, tana barin murya ta karkatar da firikwensi har 5 kHz sama ko ƙasa. Matsattsiya, 12.5 kHz, iyakarta 2.5 kHz. Wasu manhajoji suna da 20 kHz mai karkata 4 kHz. Lasisinka ne zai faɗa maka wanda za ka bi: 16K0F3E na nufin mai faɗi, 11K0F3E kuma matsattsiya.

Dole kowane rediyo da rifita (na'urar da ke karɓar sigina ta sake watsa ta) da ke kan tashar su zama bai ɗaya. Idan mai faɗi ya yi magana da matsattse, murya takan fito da ƙarfi tana tsagewa, har ta riƙa yankewa in mai maganar ya ɗaga harshe, domin siginar ta fi ƙarfin matatar mai karɓa. Tana kuma fantsama cikin tashar maƙwabta, abin da ya fi komai muni. Idan aka juya, matsattse zuwa mai faɗi, murya takan zo ƙasa-ƙasa da kusan 6 dB, tare da shuu a bayanta. Ƙara ƙarfin makirufo ba ya gyara wannan. Daidaita faɗin, shi ke nan.

A tashar dijital galibi babu zaɓi. DMR, ɗaya daga cikin tsare-tsaren rediyon dijital, tana zaune a 12.5 kHz, an raba ta gida biyu na lokaci, kowanne milisakan 30. Tana aika bayanai da matakai huɗu na karkata: 1944 Hz da 648 Hz, sama da ƙasa. A wasu tsare-tsaren dijital, P25 zango na farko na amfani da 1800 da 600 Hz, NXDN mai 6.25 kHz kuma 1050 da 350 Hz. Ƙa'idar tsarin ce ta kafa waɗannan lambobi, shi ya sa gurbin faɗi a CPS yakan kasance a kulle. Ƙarfin makirufo a nan abin da ke shiga na'urar matse murya kawai yake canjawa. In ya yi yawa muryar ta dagule, karkata kuwa tana nan yadda take.

To idan murya na kakkaryewa a DMR alhali sigina na da ƙarfi fa? Fara duba firikwensi. Kuskuren kashi ɗaya cikin miliyan a 450 MHz ya kai 450 Hz, tazarar da ke tsakanin mataki da iyakar da ta raba shi da na kusa da shi kuwa 648 Hz ce kacal. Ɗan gocewar agogon rediyon, wato abin da ke kafa firikwensinsa, ya isa ya sa kuskuren bit, wato yawan bayanan da ke isowa ba daidai ba, ya haura. Idan kuma shiru ne gaba ɗaya, lambar launi (lambar shaidar tashar DMR) ko gidan lokaci ko lambar rukuni ce ba ta dace ba.

Gyaran karkata kansa yana cikin manhajar tiyunin ta kamfanin, kuma ban ba kowa shawarar buɗe ta ba tare da na'urar auna sigina ba. Ɗaura lodin gwaji mai om 50 a madadin eriya, ka fara daidaita agogon. Sannan a analog ka shigar da sauti mai 1 kHz: matakin gwaji shi ne kashi 60 cikin ɗari, wato 3 kHz a mai faɗi, 1.5 kHz a matsattsiya. Ƙara sautin sosai ka tabbatar karkatar, haɗe da CTCSS, ƙaramin sautin da ke buɗe lasifikar mai karɓa, ba ta wuce iyaka ba. A DMR kunna tsarin gwaji na 1031 Hz ka karanta kuskuren bit. Kada ka kwafi lambobin tiyunin wani rediyo zuwa wani ko da samfurinsu ɗaya, domin kowanne an auna shi daban a masana'anta.