Wankin farko na sabuwar bindigar Marlin 336 mai liba

Ana yawan tambayar yadda ake yi wa wannan bindiga wankin farko, to ga matakan. Daga masana'anta takan zo da giris mai kauri, liba (hannun ƙarfen da ke ƙasan bindiga, wanda ake ja don ɗana harsashi) na ɗan cijewa.

1. Juya bakinta inda babu kowa.
2. Buɗe liba sau uku, ka leƙa ciki. Hattara: harsashi kan maƙale a bututun ƙasa, inda ake zuba harsasai.
3. Bar liba rabi a buɗe, ka kwance notinta.
4. Zare liba ƙasa.
5. Danne guduma (ƙarfen baya da ke bugawa idan an ja kunama), ka ja sakata (ƙarfen da ke tura harsashi cikin bututu) baya ka fitar da ita.
6. Cire ɗan ƙarfen da ke watso kwanso. Ƙarami ne, shi ke yawan ɓata.
7. Tura tsumma mai maganin wanki cikin bututu da sanda, daga baya zuwa baki. In ka tura ta baki, sanda kan ci leɓen bututu, saiti ya lalace.
8. Bi da busasshe har ya fito fes.
9. Ɗiga mai kaɗan a sakata da liba, ban da katako.
10. Mayar da ɗan ƙarfen kafin sakata.