Yadda Ake Ƙera Wuƙar Karambit da Hannu

Karambit wuƙa ce mai lanƙwasa kamar farcen damisa. Asalinta daga mutanen Minangkabau na tsibirin Sumatra a Indonesiya, inda ta fara a matsayin kayan aikin gona. Kaifinta a cikin lanƙwasar yake kamar na lauje, kuma ƙarshen ƙotarta akwai zoben da ake sa yatsa.

Nemi guntun sifirin mota mai kaurin milimita 5 zuwa 6, faɗi santimita 3, tsawo kamar 20. Goge tsatsar ka duba shi da kyau, domin tsohon sifirin kan ɓoye tsaga, sai an kusa gama aiki ta bayyana. Gawayin ƙirya ya fi riƙe wuta.

Fara da zoben. Zuga wuta har ƙarfen ya yi ruwan lemo, ka huda ƙarshensa da madoshi, ka riƙa faɗaɗa ramin a hankali har ya kai santimita 2.5. Kada ka doki ƙarfen da ja ya dushe, nan zoben ke tsagewa. Daga nan ka ja ɗaya ƙarshen ya yi tsini, ruwan wuƙar ya kai santimita 8.

Lanƙwasar ce ke ba maƙera wuya. Duk gefen da ka doka don ya yi siriri, tsawo yake ƙarawa, sai ya tura wuƙar baya. Tunda kaifin karambit a ciki yake, kowane bugun fitar da kaifi yana miƙe ta. Don haka ka lanƙwasa ta a jikin wani ƙarfe mai zagaye fiye da yadda kake so, sannan ka fitar da kaifin, kana juya ta gefe da gefe da bugu daidai wa daida. In ta miƙe, ka mayar da ita da gudumar itace, domin ta ƙarfe tana ɓata kaifin. Ka kula da tsinin, shi ke fara ƙonewa, saboda haka ya zama nesa da bakin zugazugi.

Gyara siffar da magagari, amma ka bar kaifin da kaurin milimita 1, in ba haka ba zai murɗe idan ka tsoma ta a mai wajen taurarawa. Dafa ta har ta yi ja, ka bar ta ta huce a iska, sau uku.

Sai taurarawa. Zuga har mayen ƙarfe ya daina kama ta, ka ƙara mata wuta kaɗan, ka tsoma ta tsaye a man gyaɗa mai ɗumi. Ruwa na fasa sifirin. In magagari ya zame bai ci ba, ta taurara. Goge ta, ka ɗumama ta daga bayanta har kaifin ya yi launin kara, wajen digiri 200 a ma'aunin Celsius, don kada ta karye.

Ɗaura ƙotar katako ko ƙaho da ƙusa biyu. Dutse mai faɗi ba ya shiga lanƙwasar, sai ka wasa ta da dutse mai zagaye ko takardar yashi da ka naɗa a sanda.