Yadda Ake Natsar da Hankali Bayan Jinyar Ciwon Daji

Gajiya, rashin barci da fargabar dawowar cutar kan daɗe bayan an gama jinya. Atisayen natsuwa yana rage nauyinsu.

Zauna a kujera, tafin ƙafa a ƙasa. Fara da minti 10 kullum, ka riƙa ƙarawa sannu a hankali. Bi numfashinka yana shiga yana fita, kada ka tilasta shi. Tunani zai kutso, dole ne. Lura da shi kawai ka koma kan numfashi. Idan tabon tiyata a ƙirji na tayar maka da hankali, koma kan tafin hannu ko sautin da kake ji. Mai yawan gajiya kada ya yi atisayen a kwance, barci zai sace shi. Sabon ciwo kuwa ko kumburi, likita za a kai wa.