Yadda za ka ɗore da motsa jiki da gyaran cima a Bauchi

Ranar da aka auna mutum aka ce jininsa ya hau, ko sukari ya fara leƙowa, sai ka ga ya ɗauki abin da zafi: ya sayi takalmin gudu, ya rantse shi da masa da tsire har abada. Kafin wata ya zagayo takalmin yana ƙarƙashin gado. Kayan da ya ɗora wa kansa ne suka fi ƙarfinsa. Abin da ke ɗorewa shi ne wanda ka saƙa a cikin harkarka ta kullum.

Da farko, ɗaura tafiyar a jikin abin da ba ka fashinsa, wato sallar asuba. In an idar kada ka koma shimfiɗa, ka zarce da tafiya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce baligi na bukatar aƙalla minti 150 na motsa jiki a mako, wato minti 30 sau biyar. Amma ka fara da minti 10, kana ƙarawa duk mako. Saurin da ake so shi ne numfashi ya ɗan ɗaga, amma kana iya hira. A zafin Maris da Afrilu kuwa, in rana ta fito magana ta ƙare, don haka sanyin asuba ne rabonka. Uwargida da ba ta samun fita, zagayen tsakar gida ma tafiya ce, in dai za a yi ta ba tsayawa. Mai zuwa kasuwar Wunti ya sauka daga Keke Napep da ɗan nisa, ya ƙarasa a ƙasa.

Sai ka nemi abokin tafiya. Ranar da hunturu ya busa, bargo ya yi daɗi, kunyar wanda ke tsaye a ƙofar gida yana sallama ce za ta fito da kai.

Batun abinci ne ya fi kayar da mutane, domin da haramta wa kai komai suke farawa. Ɗan Bauchi ba zai bar masa ba, kuma ban ga dalilin da zai bari ba. In ka saba cin takwas, ka ci biyar, miyar taushe ta fi yawa. Malmalar tuwo ta ragu, ganye ya ƙaru: zogale, rama, alayyafo, ga su nan a kasuwar Muda Lawal, ba su kai nama tsada ba. Wake ma yana riƙe ciki. Canji ɗaya za ka yi, sai ya zauna kafin ka kama na biyu.

Ni a ganina a fara da sukari. Iyakar da hukumar ta ba da shawara ita ce kamar cokalin shayi 12 a yini, kuma kwalbar lemo ɗaya kan cinye mafi yawansa, tun ba a zo kan shayi da kunu da fura ba. Ka ce wa mai shayi, "Malam, cokali ɗaya ya isa." Kwanakin farko zai yi maka salam, daga baya harshe ya saba. Gishiri kuma kada ya kai giram 5 a yini, kusan cokalin shayi ɗaya, har da wanda ke cikin dunƙulen magi. Wannan sai an zauna da mai girki an fahimci juna, ba a ba da umarni daga zaure ba.

Fashi dole ne ya zo: biki, tafiya, ruwan Agusta. In ka rasa yau, kada ka bari gobe ma ta wuce, ko minti 10 ne ka yi. Kada kuma ka riƙa hawa sikeli kullum, nauyi ba ya sauka da wuri, sai ya karya maka gwiwa. Ka lura da barcinka, da yadda haki ke raguwa, da mazugin wando.

Mai hawan jini ko ciwon sukari ya shaida wa likitansa kafin ya fara, kuma kada ya ajiye magani don ya ga sauƙi. In ƙirji ya riƙe ko jiri ya ɗebe ka a hanya, ka tsaya nan take, a kai ka asibiti.